Akwatin kifi a gida: wace matata ta dace da babban akwati?

A wanga wata filin kiwo ya bar garken awaki da akurkin kaji, ya leƙa cikin ɗaki, wurin kifin da ake ajewa a akwatin gilashi don kallo. Ana ganin irin wanga akwati a gidajen waɗansu ma'aikata da ƴan kasuwa a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Wanda ke kiwon tarwaɗa cikin kwarmin siminti a bayan gida shi ma ya saurara, don ruwan kifi duk hali ɗaya gare shi.

A ɗauki misalin wani dattijo, tsohon ma'aikaci. Ya sa an haɗa masa akwati mai tsawon mitir ɗaya da rabi. Ya cika shi da ruwan fanfo. A ranar ya zuba ƴan gargaza da kurungu guda ashirin da ya saya hannun masunta. Ya sa ƴar matata wadda ba ta fi kwalbar lemu girma ba. Makon farko yara na ta kallo, baƙi na ta yabo. Mako na biyu kifi suka fara tasowa sama suna haki. Kowace safiya sai a tsamo ɗaya ko biyu matattu. Ga ruwa garai-garai, ko ɗigon laka babu. Uwargida ta ce bakin mutane ne.

Wani matashi, ma'aikacin kiwon kifi, ya zo gaida shi. Ya duba akwati, ya duba matata, sai ya ce:

"Baba, sau nawa kuke wanke soson nan?"

"Kullum, ɗana. Har da sabulu."

"To Baba, ai ma'aikatanku kuke kora kowace safiya."

Dattijo ya ce shi bai ɗauki kowa aiki ba. Bayanin da yaron ya yi masa shi ne abin da ke biye.

DAUƊAR DA IDO KE GANI DA WADDA BA YA GANI

Kowa ya san tace ruwa da ƙyalle. Mata sun daɗe suna yi a bakin tabki don tare ƙwarin da ke kawo kurkunu, kuma aikin ya yi amfani: a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da wannan cuta. Ƙyalle yana tare abin da ke da jiki. Amma a jiƙa gishiri cikin ruwa a tace da ƙyalle goma, ruwan zai fito da gishirinsa.

Haka abin yake a akwatin kifi. Kashin kifi da ragowar abinci ido na ganinsu, soso na tare su. Amma akwai wata guba da ake kira amoniya. Ita ce ke sa warin da ke tsaye wa mutum a hanci in ya shiga akurkin da aka daɗe ba a share ba. Kifi yana fitar da ita dare da rana ta wurin jan naman nan na ƙarƙashin kumatunsa, inda yake shaƙar iska. Abincin da ya ruɓe a ƙasa yana ƙara ta. Tana narkewa cikin ruwa kamar gishiri. Ba ta da launi. Alif ko garin ƴaƴan zogale suna kwantar da laka, amma ba su taɓa ta.

Ga lissafi. Kilo ɗaya na abincin kifi yana haifar da kamar giram 30 na amoniya. Wanda ke ba kifinsa giram 20 a rana, wato kamar babban cokali biyu, yana zuba fiye da miligiram ɗaya cikin kowace litir ta akwatin dattijon nan, kowace rana. A kogi ruwa ya wuce da ita. A akwati babu inda za ta. Cikin ƴan kwanaki ta isa ta ƙona wurin shaƙar kifi.

Zafi yana ƙara mata dafi. Ruwa mai kanwa-kanwa ma haka. Akwai ma'aunin tsami da kanwa na ruwa da ake kira pH. In ya tashi daga 7 zuwa 8, ɓangaren amoniya mai kisa yana ninkawa kusan sau goma. Shi ya sa abin da kifi ya jimre da dari zai iya kashe shi da bazara.

MA'AIKATAN DA BA A BIYA

Allah ya halicci waɗansu ƙwayoyi masu rai, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Sunansu bakteriya. Waɗansunsu na kawo cuta, waɗansu kuwa aiki suke yi wa ɗan Adam. Iri ɗaya yana cin amoniya ya mai da ta nitirit. Nitirit ma guba ce, tana hana jinin kifi ɗaukar iska. Iri na biyu yana cin nitirit ya mai da ta nitirat. Ita nitirat da sauƙi, taki ce ga shuka. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya tabbatar da aikin waɗannan ƙwayoyi wajen 1890. Su ne kuma ke dafa taki a gona har gero ya iya cinsa.

Waɗannan ƙwayoyi ba su son yawo cikin ruwa. Liƙewa suke yi a jikin abu: soso, tsakuwa, tsingaro. Abu uku suke so: wurin zama mai yawa, ruwa mai gudu da ke kawo musu abinci, da iska. Sabulu na kashe su. Maganin javel da ake sa wa ruwan fanfo na kashe su. Bushewa na kashe su. Kuma ba su saurin haihuwa. Sabuwar matata tana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin ta cika da su.

To, matata gidan waɗannan ƙwayoyi ce. Mai saye ya riƙe wannan kafin ya kalli kyan kwali. Babban akwati yana son babban gida na ƙwayoyi.

A FARA DA AWO

Kada a je kanti sai an san yawan ruwan akwati. A auna tsawo, faɗi da zurfi da santimitir. A ninka su, a raba da 1000. Akwatin dattijo: 150 sau 50 sau 60, ya ba da 450.000. A raba da 1000, litir 450 ke nan, wato bidon 18 masu litir 25. Ruwan kaɗai kilo 450 ne. Da gilashi da yashi ya wuce rabin tan. Teburin shan shayi ba ya ɗaukar wannan.

Masu sana'ar sun saba da wata ƙa'ida: duk ruwan akwati ya ratsa matata sau huɗu ko biyar a awa ɗaya. Ga litir 450, ana son litir 1800 zuwa 2250 a awa. In kifin masu ci ne da yawan kashi, irin tarwaɗa, gargaza ko jan kifin nan na ƙasar Sin, a ƙara.

A nan akwai tarko. Lambar da ke jikin kwali ana auna ta ne matata na fanko, ba soso, ba hawa. In an cika ta, aka sa ruwa ya hau mitir guda ta cikin tiyo, ƙarfin yana raguwa sosai, wani lokaci har kusan rabi. Mai son litir 2000 na gaskiya ya nemi wadda aka rubuta wa wajen 3000, ko biyu masu 1500.

Bayan gudun ruwa, a tambayi cikin matata: litir nawa na soso da tsakuwa take ɗauka? Ƙaramar matata mai ƙarfin inji tana kaɗa ruwa kawai. Wadda ke ɗaukar litir goma na kayan tacewa ta fi ta nesa.

IRE-IREN MATATA

Ta ɗaya, soso mai iska. Babban soso ne a cikin akwati, da ƙaramin injin hura iska a waje. Kumfa na tashi, yana jan ruwa ta cikin soso. Ita ce mafi araha. Wutar da take ci kaɗan ce, wajen wat 5. Ba ta da abin lalacewa sosai, kuma tana ba kifi iska. Aibinta: tana cin wuri, ba ta da kyan gani, ba ta kwashe kashin da ya kwanta a ƙasa. Ga babban akwati guda ɗaya ba ta isa, sai biyu ko uku. Masu kiwo a Hambur ta Jamus sun yi suna da wata dabara: a kafa faifan soso mai kauri daga ƙasa zuwa sama a gefe ɗaya na akwati, kamar bango, ruwa na ratsa shi sannu-sannu. Irin wannan yakan yi watanni bai toshe ba.

Ta biyu, ƴar matata mai inji da ake liƙawa ciki, ko wadda ake ratayawa a bakin akwati. Irinta dattijo ya saya. Ta yi daidai da akwatin litir 50 ko 100. A babban akwati sai dai ta zama mataimakiya.

Ta uku, matatar ƙarƙashin tsakuwa. Faranti ne mai huji a ƙasan akwati, ruwa na bi ta cikin tsakuwa. Tsohon yayi ce. Dauɗa na taruwa ƙarƙashinta, ba a iya fitarwa sai an kwashe komi. Gargaza kuwa haƙa take yi don yin sheƙa. Da ta tone wuri ɗaya, duk ruwan ya bi ta nan, aiki ya ɓaci.

Ta huɗu, tukunya rufaffiya. Bokiti ne mai murfi da inji, ana ajewa ƙarƙashin akwati, tiyo ɗaya na kawo ruwa, ɗaya na mai da shi. Kamfanin Eheim na Jamus ya yaɗa ta a farkon shekarun 1960. Ba ta ƙara, ba ta ɓata kallo, tana ɗaukar kaya da dama. Amma tana da tsada. In robar bakin murfi ta tsufa, sai ta yi yoyo, kuma samun wata ba lalle ba ne a kasuwar kusa. Buɗe ta aiki ne, shi ya sa masu ita kan yi ƙyuya su bar ta ta cika da laka.

Ta biyar, akwati na biyu a ƙasa. Ana huda babban akwati daga sama, ruwa ya malalo ta bututu zuwa wani ƙaramin akwati na litir 100 zuwa 150 da aka raba ɗaki-ɗaki. Ɗakin farko soso, na biyu gidan ƙwayoyi, na ƙarshe injin da ke mai da ruwa sama. Ita ta fi kowace ɗaukar kaya. Tana buɗe, iska na shiga. A miƙa hannu kawai a ciro soso. Mai yankan gilashi na gari zai iya haɗa ta. Wanda ba ya son huda akwati sai ya ɗora dogon kwano mai huji a sama, inji ya hau da ruwa, ruwan ya tsiyayo ta cikin soso da tsingaro ya koma.

TAMBAYAR DA KWALI BA YA AMSAWA

Yawancin waɗannan kaya an ƙera su ne don ƙasashe masu sanyi, inda wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Mai kifi a Maraɗi ko Tawa ya tambayi kansa: in wuta ta tafi da azahar a watan Afrilu, mi zai faru?

Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa. A digiri 20 litir ɗaya na riƙe wajen miligiram 9 na iskar shaƙa. A digiri 30 sai 7 da rabi. Ga shi kuma da zafi kifi ya fi ci, ya fi numfashi. Ƙwayoyin matata su ma masu shaƙa ne: kafin su cinye giram ɗaya na amoniya sai sun sha fiye da giram huɗu na iskar.

Tukunya rufaffiya ita ta fi shan wahala. Da inji ya tsaya, iskar da ke ciki na ƙarewa cikin ƴan awoyi. Ƙwayoyi su fara mutuwa, laka ta yi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da wuta ta dawo, inji ya tura wannan ruwa cikin akwati, sau da yawa mai gida na barci. Dokar mai tukunya ke nan: in wuta ta daɗe, a cire waya daga bango. A buɗe tukunya, a zubar da ruwan ciki, a ɗauraye kayan, sa'an nan a kunna.

Akwatin ƙasa nasa haɗarin daban ne. In inji ya tsaya, ruwan sama na ci gaba da gangarowa har ya kai bakin huji. A akwatin dattijo, kowane santimitir ɗaya na saman ruwa litir 7 da rabi ne. Santimitir uku sun kusa bidon guda. In ba a bar masa wuri ba, sai tabarma ta sha. A gwada tun ranar farko: a kashe inji da gangan, a tsaya a ga inda ruwa zai tsaya, a yi alama. A kuma rufe shi da raga saboda sauro da ƙurar hunturu.

Soso mai iska shi ne mai haƙuri. Yana cikin babban ruwa, ba ya saurin shaƙewa. Injinsa na iya aiki da batir ko da ƙaramin faifan hasken rana. Amma a ɗora injin sama da bakin ruwa, ko a sa wa tiyon ƴar makarin da ke hana ruwa komawa baya. In ba haka ba, da wuta ta tafi tiyo ya zuƙo ruwa har cikin inji.

A duba kuɗin wuta kuma, don matata ba a kashe ta ko da dare. Inji mai wat 25 yana cin kilowat-awa 18 a wata. Mai wat 5 bai kai 4 ba.

TO, WACE ZA A ƊAUKA?

Ga babban akwati, kada a dogara da matata ɗaya. Mai jaki biyu ba ya kwana a hanya.

Mai manyan kifi masu ci, irin gargaza, kurungu ko tarwaɗa, ya ɗauki akwatin ƙasa ko kwanon sama, ya ƙara soso mai iska guda biyu a kan batir. Tarwaɗa tana iya tasowa ta shaƙi iskar sama, shi ya sa take daɗewa cikin mugun ruwa. Kada wannan ya ruɗi kowa. Abokan zamanta za su riga ta mutuwa, ita ma fatarta za ta yi gyambo.

Mai ƙananan kifin ado marasa yawa, tukunya rufaffiya da babban soso ɗaya sun ishe shi, in yana iya bin dokar ɗaukewar wuta. Mai ƙaramin ƙarfi ya kafa bangon soso, ya rage yawan kifi, ya riƙa sauya ruwa. Wannan ya fi sayen tukunya mai araha wadda ba a san inda za a samu kayan gyaranta ba. Araha ba ta ado.

ABIN DA AKE ZUBAWA CIKI

Tsari ɗaya ne ko'ina. Ruwa ya fara bi ta soso mai manyan ƙofofi, sa'an nan mai ƙanana, sa'an nan gidan ƙwayoyi. In aka juya tsarin, laka ta toshe gidan.

Gidan ƙwayoyi ba sai na kanti ba. Tsingaron sabuwar tukunyar ƙasa da aka gasa sosai yana yi, in an farfasa an wanke. Soson roba na wanke kwanoni, sabo, marar sabulu, yana yi. Tsakuwar kogi tana yi, sai dai nauyi. A ɗiga wa dutse ruwan lemun tsami: in ya yi kumfa, farar ƙasa ce a jikinsa, zai ƙara wa ruwa kanwa, a bar shi. Kada a sa soson katifa, kada a sa soson ƙarfe.

Akwai baƙin gawayi na musamman da ake sayarwa. Yana ɗauke launi, wari da ragowar magani. Cikin ƴan makonni yake cika, sai a sauya. Ba dole ba ne, kuma gawayin murhu ba ya maye gurbinsa. Fitilar nan da ake sa wa ruwa don kashe kore ita ma ƙari ce, ba ta cin amoniya.

RIƘON MATATA

A fara da kifi uku ko huɗu, a ba su abinci kaɗan. Bayan mako huɗu zuwa shida a riƙa ƙarawa sannu-sannu. Wanda ya san mai tsohon akwati lafiyayye ya roƙi guntun sosonsa ya sa cikin sabuwar matata, kamar yadda ake ɗibar tsohon nono a zuba cikin madara. Aikin zai yi sauri.

In soso ya yi nauyi, a ɗebi ruwan akwati cikin bokiti, a matse shi ciki sau biyu ko uku, a mai da. Ba sabulu, ba ruwan fanfo, ba shanya. Launin ƙasa-ƙasa da ya rage a jikinsa alheri ne. Mai matata biyu ya wanke ɗaya wannan mako, ɗaya bayan mako biyu.

Babu matatar da ke hana sauya ruwa, don nitirat na taruwa. Kowane mako a zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu daga ƙasa, wato bidon huɗu ko biyar. Ruwan da za a zuba, in na fanfo ne, ya kwana a buɗe, ko a sa masa maganin kashe javel da masu sayar da kifi ke ajewa. Tsohon ruwan kada a zubar a titi. A kai shi gindin zogale ko fangalin salati.

Akwai ƴan kwalabe na gwajin ruwa. A ɗiga, launi ya nuna. Amoniya sifiri, nitirit sifiri, shi ne lafiya. Wanda ke shirin kashe jikkuna wajen kifi ya fara sayen waɗannan.

Abu na ƙarshe, ruwa da wutar lantarki ba su shiri. A cire waya kafin a tsoma hannu. A bar wayar ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa bango, don ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa. A hana yara taɓawa.

Dattijon nan kifi shida suka rage masa. Ya daina wankin sabulu, ya rage abinci, ya riƙa sauya bidon biyar kowane kwana biyu har ƙwayoyi suka kafu. Ya sa an haɗa masa akwatin ƙasa, ya cika ɗakin tsakiya da tsingaro, ya sayi injin iska mai batir. Bai ƙara kifi ko ɗaya ba sai da wata biyu suka cika.

Malaman cibiyoyin yaƙi da jahilci za su iya ɗaukar awon akwatin nan su ba ɗalibai a darasin lissafi: tsawo, faɗi, zurfi, litir nawa, bidon nawa. Mai tambaya ya rubuto wa jarida. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.